Wa Ya Tuɓe wa Gobir Rigar Sanyi?

A makon farko na Disamba gwaggona ta kira ni bayan sallar asuba. Tun da suka baro ƙauyensu na ƙasar Gatawa, ita da jikokinta biyar suke zaune a wani ɗakin aro cikin garin Sabon Birni, ɗakin da buhu ne labulensa, buhu ne kuma ƙyaurensa. Bayan gaisuwa ba ta yi wani kwana-kwana ba.

"Ɗana, ɗari ya sauka. Ɗiyan ga ba su barci, kwana su kai tari. In Allah ya hore maka, rigunan sanyi ni ka so, ko da na gwanjo na."

Na ce, "Gwaggo, in turo kuɗin mana ki saya a nan, ai ya fi sauƙi."

Ta yi 'yar dariyar da ba ta daɗi ba. "In saya ga wa? Mai kawo muna su ya bar zuwa tun bara waccan. Wanda ag ga kasuwa yanzu, kuɗin riga guda sai ka ɗauka akuya za ka saye."

Wannan amsar ce ta sa na zauna rubuta wannan maƙala. Duk shekara, da zarar hunturu ya kama, shafukan Facebook sukan cika da hotunan rabon barguna ga 'yan gudun hijirar gabashin Sakkwato, ana ta yabo ana sa albarka. Ni kuwa na kai matsayin da ba na iya kallon hotunan nan ba tare da raina ya ɓaci ba, domin abin da ya saba suturta Bagobiri a lokacin ɗari ranar kasuwa ce, kuma hannun da ke miƙa bargon a gaban kyamara yana cikin hannayen da suka bari kasuwar ta mutu.

Bari in fara da sayayyar kanta, don mai karatu ya ga inda kayan suke da inda ba su.

Na fara shiga wani babban kanti na zamani a cikin birnin Sakkwato, irin wanda ake tura keken zuba kaya ana jin sanyin na'ura ko da hazo ya rufe gari a waje. Akwai suwaita, akwai jaket masu soso a ciki, akwai hulunan ulu jere bisa ƙarfe, kowanne da takardar farashinsa. Na ɗaga ta yaro ɗan shekara shida, na duba takardar, na lissafa sau biyar, na mayar da ita a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ba na zargin mai kantin. Haya yake biya, man janareta yake saye, kuma masu sayensa daban ne. Amma duk mai cewa kantunan nan su ne makomar cinikinmu, ya tuna cewa ko a Kano, inda kuɗi suka fi yawo, Shoprite ta tattara ta bar rukunin kantunan Ado Bayero a farkon 2024. Idan Kano ba ta riƙe irin wannan ciniki ba, ba Isa ce za ta riƙe shi ba.

Daga nan na gangara layin 'yan gwanjo. Na taki sa'a, ana fasa sabuwar dila. Wanda bai taɓa ganin fasa dila ba, ya rasa wani darasi na tattalin arziki da ba a koyarwa a aji. Ana yanke ɗaurin, kayan da aka matse tun daga wata ƙasa sai su kumbura su baje, wani wari na magani ya tashi, mata su yi ca. Zaɓen farko na masu hali ne da masu sarin da za su wanke su goge su rataye a shago. Zaɓe na biyu na irinmu ne. Abin da ya rage, mai 'yar huda a gwiwar hannu, wanda zif ɗinsa ya mutu, wanda launinsa ya koɗe, shi ake ɗaurewa a buhu a kai kasuwannin ƙauye. Shi ne rabon Gobir tun asali, kuma ba wanda ya raina shi, domin allura da zare suna gyara huda, sanyi kuwa bai damu da launi ba.

Mai dilar, wani dattijo da ya shekara da shekaru a sana'ar, ya ga ina auna riguna da tafin hannu sai ya tambaye ni inda za su. Da na ce Sabon Birni, ya girgiza kai. Ya ce da can yaransa uku ke bin kasuwannin gabas da buhunan kaya, mako-mako, suna zagayowa har Shinkafi. Yanzu ko ɗaya ba ya aikawa. "Alhaji," in ji shi, "in aika ɗan mutane da kayan da ba su kai kuɗin fansa tai ba?"

Yadda aka kashe ranar kasuwa

A ƙasar da ba kanti, ba banki a kusa, ba albashi, kasuwar mako ita ce komai. Manomi ba ya ajiye kuɗi, dabba yake ajiyewa da hatsi. Idan kaka ta yi, ɗari ya matso, sai ya kora akuya ɗaya ko ya auni gero ya tafi kasuwa, ya sayar, ya juya nan take ya saya wa yara riguna da man shafawa saboda kaushi da faso, ya dawo gida kafin magariba. Uwa kuwa ba ta sayen kayan sanyi a tashi ɗaya. Wannan makon hular jariri, mako mai zuwa safa, na gaba kuma rigar babban, wani lokaci bashi, saboda mai gwanjon ya san mijinta, ya san ƙofar gidansu. Wannan sarƙa ce ta riƙe mutane, kuma a kowace gaɓa aka tsinka ta, jikin yaro ne yake ji.

'Yan bindiga ne suka fara tsinka ta, wannan ba abin musu ba ne. A watan Mayun 2020 sun kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 suka afka wa kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, gwamnatin jiha da kanta ta ce mutum 43 suka mutu. A farkon Disamban shekarar, tsakiyar hunturu, aka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni a kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka ƙone. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannunsu cikin watan Agusta. Hanyar da ba ta ƙyale sarki da rawaninsa ba, wane ɗan gwanjo ne zai hau ta da buhu biyu? Sunan Bello Turji ya zama abin da ake faɗa da ƙaramar murya a Isa da Sabon Birni, ƙauyuka kuma na harhaɗa kuɗin harajin da aka ɗora musu kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. Kuɗin rigar sanyi na cikin abin da ke tafiya daji.

Sai dai abin da ba a cika son tunawa ba shi ne irin maganin da hukuma ta kawo. A farkon Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ba da umarnin rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Isa da Sabon Birni, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. A makwabciya Zamfara gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, wanda ya haɗa da Shinkafi, kasuwar da mutanen Isa suka dogara da ita kamar tasu. Kafin watan ya ƙare aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato. Manufar, kamar yadda aka bayyana, ita ce a toshe wa ɓarayin daji hanyar sayar da shanun sata da samun mai da abinci da labari.

Na yarda an yi da kyakkyawar niyya. Amma mai karatu ya dubi kalanda. Satumba ce, saura wata biyu ɗari ya sauka. An hana manomi sayar da akuyar da ita ce asusunsa. An rufe wurin da zai sayi rigar. An taƙaita itacen da zai hura ya ji ɗumi. An kashe wayar da ɗansa na Legas ko Ibadan zai kira ya ce ya turo kuɗi. Wanda ke daji da bindiga da babur kuwa ya san wata hanyar, kuma kisan Goronyo da na Gidan Bawa duk a cikin watannin nan na takunkumi aka yi su. An rufe ƙofa da ɓarawo, sannan aka ce wa mai gida ya yi haƙuri. Daga baya an janye matakan, amma ciniki ba famfo ba ne da za a murɗa ya dawo. Ɗan kasuwar da jarinsa ya narke a wata uku, ko ya koma acaba a birni, ba sanarwar rediyo ce za ta maido shi ba.

Haramtacciyar riga

Akwai wani abin da yawancin masu sanye da gwanjo ba su sani ba: a takarda, rigar da ke jikinsu haramtacciya ce. Tsofaffin tufafi na cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta hana shigowa da su kwata-kwata. Shi ya sa dila ba ta sauka a Legas kai tsaye da sunanta. Takan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome a matsayin kayan da za su wuce Nijar, ta hau mota zuwa rumbunan Maraɗi ko Ƙonni, inda ake kiran kayan bosho, daga nan ta tsallako ta Jibiya ko Illela ko ta ɓarauniyar hanya. Ga mutumin Sabon Birni wannan ba wata ƙasar waje ba ce. Tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa suka rabu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka zauna Sabon Birni, kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layi a tsakaninsu a farkon ƙarni na 20. Kaka na can, jika na nan. Maraɗi ta fi kusa da zuciyarsu da aljihunsu fiye da Kantin Kwari.

Haramcin bai taɓa hana dila shigowa ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da kowane shinge na kan hanya wurin karɓar rabo, kuma duk abin da aka karɓa a shinge, a wuyan rigar yaro ake ɗora shi. Baitulmali bai samu ba, mai saye bai huta ba.

Sannan aka zo ana rufe iyakar kanta. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wato hunturu guda cur da farkon na biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake garƙame iyakar Najeriya da Nijar har zuwa Maris na 2024, wani hunturun ke nan. Ko bayan an ɗage, Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kayan da a da suke bi ta gadar Gaya suka koma zagaye ta Togo da Burkina Faso da rakiyar soja. Ƙara da faɗuwar naira, wadda ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Dila da kuɗin waje ake sayenta, da mai ake ɗauko ta. Lokacin da gwaggona ta ce riga ta kai kuɗin akuya, zuguguwa ta yi irin ta tsofaffi, amma ba ta yi nisa da hanya ba.

Na san abin da za a ce mini, domin abokaina na makaranta sun sha faɗa mini shi. Gwanjo juji ne na Turai da Amurka, abin kunya ne ƙasa mai auduga ta rinƙa sa tsumman wasu, kuma shi ya kashe masaƙunmu. Akwai gaskiya a farkon maganar. Wanda ya ga tulin tsumman da ke fita daga kasuwar Kantamanto ta Accra zuwa bakin teku ya san ba duk abin da ke cikin dila ne sutura ba. Kuma ni ma ina jin zafin abin da muka rasa. Kakanninmu ba su jira jirgin ruwa ba. Mata na kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa gwado da abawa, mai kauri da nauyin da in ka lulluɓa da shi sai an tashe ka sallah, ga luru mai ratsi-ratsi da ake kai wa ɗakin amarya. Yau sai ka zagaye gari kafin ka samu masaƙi ɗaya da bai haura shekara sittin ba.

Amma ɗora wa ɗan gwanjo mutuwar masaƙun Kaduna da ta Gusau zalunci ne. Kamfanin KTL ya tsaya a 2002, UNTL ya rufe a 2007, duk a lokacin da haramcin gwanjo ke nan daram a takarda. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna da kwararar atamfar Sin ta fasa-ƙwauri, su suka ci su. Galibin abin da suke fitarwa ma atamfa ce da akoko da yadi, ba suwaitar yara ba. Ƙasashen gabashin Afirka sun yanke shawara a 2016 cewa za su daina shigo da gwanjo nan da 2019. Da Amurka ta yi barazanar janye musu rangwamen ciniki, Kenya da Uganda da Tanzaniya suka ja da baya, Ruwanda kaɗai ta tsaya, ta kuma rasa rangwamen tufafinta a 2018. Ko ba komai Ruwanda ta ɗauki matsayi ta biya kuɗinsa a fili. Mu kuwa mun riƙe haramci a littafi, mun bar dila tana wucewa da daddare, ba masaƙa, ba haraji, sai tsada. Duk mai son a daina sa gwanjo a Gobir, ya fara kawo rigar da za ta maye gurbinsa a farashin da mai akuya ɗaya zai iya. Kafin nan, kishin ƙasar da ake yi da fatar ɗan wani ba ya burge ni.

Bargo a gaban kyamara

Mutanen birni na raina sanyin Arewa, suna cewa ai ba ƙanƙara ke sauka ba. Gaskiya ne, ƙasar da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, a daren Janairu takan sauko ne zuwa wajen 15 ko ƙasa da haka kaɗan. A cikin ɗaki mai ƙyaure, bisa katifa, wannan daɗin barci ne. A barandar makarantar firamare, bisa siminti, ga jaura na busowa daga fadamar gulbin Rima, ga cikin da bai ƙoshi ba, wani abu ne daban. Sai a rufe ko'ina a hura kara ko a shigo da kaskon garwashi, yara su kwana shaƙar hayaƙi bisa ƙurar da suka wuni suna shaƙa, a cunkushe, mai tari na tari a fuskar mai lafiya. Ƙididdigar UNICEF ta nuna ciwon namoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Riga ba allurar rigakafi ba ce, amma yaron da ke da ita ba a tilasta wa uwarsa zaɓi tsakanin sanyi da hayaƙi.

A kan wannan ne ake kafa rumfa. Mai karatu ya san tsarin: ƙyalle mai hoton mai girma, mata a zaune layi-layi tun hantsi, jawabi, sannan bargo ɗaya da hannaye huɗu ke riƙe da shi har sai mai hoto ya ce ya yi. Ina so a fahimce ni. Matasan da ke bi gida-gida suna tara tsofaffin kaya, da masallatan da ke yin asusu, da ɗan kasuwar da ya sayi dila ya raba ba tare da ya gaya wa kowa ba, Allah ya saka musu, sun yi abin da ya fi ƙarfinsu. Maganata da mai riƙe da muƙami ce. Wanda aka damƙa wa tsaron hanya da kasuwa, idan ya zo da bargo a madadinsu, bai yi sadaka ba, ya biya kaɗan ne daga bashin da ake bin sa, kuma ba a yi wa mai biyan bashi guɗa.

Bargon rabo sau ɗaya yake zuwa, a ranar da ta dace da mai rabon, galibi bayan ɗari ya riga ya yi rabi. Yana tsayawa a hedikwatar ƙaramar hukuma, inda mota za ta iya zuwa ta koma kafin la'asar, alhali waɗanda suka fi buƙata suna ƙauyukan da ba a shiga, ko sun tsallaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da dubban mutanenmu a jihar Maraɗi. Sunan da ke cikin takarda shi ke samu, mai rubuta takardar kuma yana da 'yan uwa da 'yan jam'iyya. Bargo ba ya zuwa makarantar allo da asuba, ba ya zuwa rijiya. Kasuwa kuwa ba ta tambayar katin zaɓe, tana dawowa kowane mako, kuma tana barin uwa ta ɗaga riga ta kara a ƙirjin ɗanta ta ce wannan ta yi masa, wanda shi ma wani mutunci ne da mai gudun hijira ya yi kewarsa.

Da kuɗin rumfa da ƙyalle da man ayarin motoci za a iya abin da ya fi wannan. Rakiyar jami'an tsaro a ranakun kasuwa, mai tsayayyen lokacin tashi da na dawowa, daga Goronyo zuwa Sabon Birni da kuma ta Gundumi zuwa Isa, tun daga Nuwamba har ƙarshen Fabrairu, za ta dawo da yaran dattijon nan uku kan hanya. In ana son a taimaki gwaggona, a ba ta kuɗin a hannu ta saya a garinsu, domin nairar da ta kashe a nan ita za ta sa mai kaya ya sake zuwa mako mai zuwa. In dole sai an raba kaya, to a cikin matan da ke zaune a layin nan akwai masu iya saƙa hula da safa da kwarashi, a ba su ulu a saya a hannunsu. 'Yan majalisar da ke wakiltar gabashin Sakkwato a Abuja kuma, ban ga abin da zai hana su tashi su nemi a cire tsofaffin tufafi daga jerin haramtattun kaya ba, a sa musu haraji mai sauƙi da binciken tsafta, a bar dila ta shigo da rana tsaka.

Na ɗaure riguna bakwai da huluna da safa a buhu na kai tasha. Direban ya karɓa ya rubuta sunan unguwa a jiki, ya ce in bai cika da wuri ba sai gobe, domin ba ya kama hanyar nan bayan azahar. Kwana biyu kayan suka yi kafin su isa.

Gwaggo ta kira da dare. Ta sa albarka har na ji kunya. Ta ce duk sun yi daidai ban da ta ƙaramin, wadda ta sauko masa har idon sawu, amma ya ƙi yarda a cire, da ita ya yi barci. Sai ta yi shiru kaɗan, irin shirun da na sani.

"Ɗana, maƙwabciyata ta ga kayan. Ita nata ɗiyan shidda na."